Agogon da ya motsa shi ya kamata ya yi bayani

Ranar Asabar 15 ga Maris 2025, ana tsakiyar azumi, ƙanena ya rasa gurbinsa a wata gasar ƙwallon gem ta intanet ba tare da ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Ya riga ya tsallake zagaye uku a Asabar uku a jere, kuma kowane zagaye sanarwar masu shirya gasar iri ɗaya ce, wato za a fara da ƙarfe uku na yamma EST, agogon gabashin Amurka na hunturu, wanda ya yi daidai da ƙarfe tara na dare agogon Najeriya. A wannan rana ma abin da aka rubuta ke nan. Ya sayi data tun da rana, ya cika wayarsa da caji saboda babu tabbacin wuta, ya sha ruwa, ya tafi sallar asham hankalinsa kwance. Tara saura kwata ya dawo, ya zauna a bakin tabarma ya buɗe wayar, sai ya tarar tun takwas da kwata aka ba abokin karawarsa nasara, wai saboda bai bayyana ba. Ina zaune kusa da shi lokacin da ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, ni ne na yi kuskuren lissafi?"

Na duba, kuma lissafinsa daidai ne. EST yana bayan agogon GMT da awa biyar, mu kuma muna gaban GMT da awa ɗaya, tazara awa shida ke nan. Abin da ya faru shi ne ranar Lahadi 9 ga Maris Amurka ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, kamar yadda take yi a Lahadi ta biyu ta watan Maris kowace shekara tun 2007. Daga wannan rana mutanen Niyok sun bar EST sun koma EDT, agogonsu na bazara, wanda ke bayan GMT da awa huɗu kacal. Masu shirya gasar sun ci gaba da rubuta EST bisa sabo, alhali abin da suke nufi shi ne ƙarfe ukun da ke jikin bangon ɗakinsu. Wanda ya karanta abin da suka rubuta ya kuma gaskata shi, shi ne aka kora. Da ya kai ƙorafi, amsar da aka ba shi ita ce kowane ɗan wasa shi ke da alhakin sanin lokacin wasansa.

Wannan amsa ce ban yarda da ita ba, kuma ita ta sa nake wannan rubutu. Agogon Kano bai motsa ba, na Yamai bai motsa ba, na Akara da Injamena da Yawunde duk suna nan inda suke tun farkon shekara har ƙarshenta. Idan agogon wani ne ya motsa, to nauyin bayani yana wuyansa, musamman idan shi ne ya kira taro ya kuma tsara doka. Ba adalci ba ne mutum ya buɗe gasa ga duniya baki ɗaya, ya karɓi 'yan wasa daga nahiya huɗu ko biyar, sannan ya ɗauka cewa kowa ya haddace dokar agogon ƙasarsa.

Ban ce al'adar sauya agogo ba ta da tushe ba. A Landan rana takan yi sama da awa goma sha shida a sararin sama a watan Yuni, a Disamba kuma ba ta cika awa takwas. Mutanen da ke rayuwa a irin wannan yanayi suna da dalilin neman jawo hasken asuba zuwa yamma, kuma Jamus ce ta fara aiwatar da hakan a faɗin ƙasa a ƙarshen Afrilun 1916, lokacin yaƙin duniya na farko, domin tsimin gawayin kwal. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Kano bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba, shi ya sa ba mu taɓa buƙatar abin ba. Su kansu masu al'adar sun fara gajiya da ita. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina, majalisar tarayyar ta kaɗa ƙuri'ar amincewa a Maris 2019, amma ƙasashen ba su daidaita ba har maganar ta kwanta. Majalisar dattawan Amurka ma ta amince da irin wannan ƙuduri a Maris 2022, majalisar wakilai ba ta ɗauke shi ba. Ma'ana dai za mu daɗe muna zaune da wannan matsala.

Abin da ya fi rikita masu gem shi ne ƙasashen da ke sauya agogo ba sa sauyawa rana ɗaya. Amurka da yawancin Kanada suna turawa gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, su dawo baya a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Turai da Birtaniya kuwa sai Lahadi ta ƙarshe ta Maris, su dawo a Lahadi ta ƙarshe ta Oktoba. A 2025 hakan ya bar makonni uku cur, daga 9 zuwa 30 ga Maris, da tazarar Landan da Niyok ta koma awa huɗu maimakon biyar da aka saba, sannan aka sake samun mako guda daga 26 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba. Ƙungiyar 'yan wasa da ke da mutum ɗaya a Kano, ɗaya a Mancesta, ɗaya a Teksas, sau huɗu a shekara lissafinta yake rushewa. Idan akwai ɗan Sidni a cikinsu abin ya ƙaru, domin can bazararsu tana zuwa ne lokacin hunturun Turai, suna tura agogo gaba a Oktoba su dawo da shi a Afrilu, tazararsu da Landan ta riƙa yawo tsakanin awa tara da goma sha ɗaya. Ko a cikin Amurka ɗin, jihar Hawai da mafi yawan jihar Arizona ba sa sauyawa.

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san wannan abu a jikinsa, ko da bai san sunansa ba. Wasan Firimiya da ake take shi ƙarfe uku a Ingila, a watan Agusta ƙarfe uku muke kallonsa, amma daga ƙarshen Oktoba ya koma ƙarfe huɗu. Wasannin daren gasar zakarun Turai ma haka suke, takwas a watan Satumba, tara a watan Disamba. Bambancin kawai shi ne mai gidan kallo yakan gyara allonsa da alli ya rubuta lokacinmu, ba ya barin mu da lissafi. Haka kuma gidajen rediyon Hausa na ƙasashen waje sun daɗe da koya mana ladabin faɗin lokaci, inda mai gabatarwa zai ce ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, wato kaza agogon GMT da Gana. Abin da mai allo da mai makirfo suka gane tun tuni, shi nake roƙon masu shirya gasa su gane.

Sai kuma gajerun haruffan nan da ake jefawa a ƙarshen sanarwa kamar kowa ya san su. CST na iya nufin agogon tsakiyar Amurka, yana kuma iya nufin agogon ƙasar Sin, kuma tsakaninsu awa goma sha huɗu ne. IST na Indiya ne, na Isra'ila ne, na Ayalan ne. BST a wurin Bature agogon bazarar Birtaniya ne, a wurin ɗan Bangaladash kuwa agogon ƙasarsa ne. Mafi haɗari a wurinmu shi ne GMT, saboda Turawan Ingila da yawa suna rubuta shi ko a watan Yuli suna nufin agogon Landan, alhali a lokacin Landan tana gaban GMT da awa ɗaya. Ɗan Kumasi da ya ga an rubuta takwas GMT ya dubi agogonsa, wanda shi ne GMT na haƙiƙa, zai iso an yi awa ɗaya da farawa. Ga kuma matsalar rana, domin ƙarfe takwas na daren Juma'a a Kalifoniya a watan Yuni, ƙarfe huɗu na asubahin Asabar ne a Kano, kuma 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu.

Kada mu ɗauka a Turai da Amurka kaɗai abin ya tsaya. Masar ta dawo da sauyin agogo a 2023. Maroko ta koma kan agogo irin namu a 2018, amma ta riƙa komawa baya da awa ɗaya a watan azumi, ta dawo bayan sallah, wato ranar sauyinta ta riƙa tafiya ne da watan Musulunci. Sudan ta ja agogonta baya da awa ɗaya a Nuwamban 2017, har yanzu akwai masu lissafa Khartum daidai da Makka bisa tsohon sani. A Maris 2023 gwamnatin Labanan ta ɗage sauyin agogo ana saura 'yan kwanaki, ƙasar ta wayi gari da lokaci biyu, wasu hukumomi da makarantu suna bin sabo wasu suna bin tsoho, har sai da aka janye matakin. Idan wayoyi da kwamfutoci sun rikice a irin wannan hali, ina ga yaro mai lissafi da ka?

Maganin ba mai tsada ba ne. Akwai ma'aunin lokaci na duniya da ake kira UTC, wanda a aikace daidai yake da GMT na gaskiya, kuma ba ya motsi bazara ko hunturu. Wasan EVE Online ya daɗe da ɗora komai a kansa, agogon cikin wasan shi ne UTC, ana kuma rufe shi don gyara kullum ƙarfe 11 na safe UTC, wato sha biyun rana a wurinmu ko wane wata ne. Manhajar Discord, inda galibin irin waɗannan gasa suke taruwa, tana da hanyar rubuta lokaci da lambar daƙiƙoƙin da aka ƙirga tun 1 ga Janairun 1970, ta yadda kowane mai karatu zai ga lokacin da agogon wayarsa, har ma ta nuna masa saura awa nawa. Minti ɗaya ya ishi mai shirya gasa ya yi wannan. A WhatsApp da Telegram kuwa, inda yawancinmu muke haɗuwa, sai a rubuta UTC da tsarin awa 24, a rubuta sunan rana da sunan wata da haruffa, sannan a jera garuruwan 'yan wasa kowanne da lokacinsa. Sunan gari ya fi haruffa uku aminci, domin wanda ya nemi lokacin Niyok a wayarsa zai sami na yau, ko an sauya ko ba a sauya ba.

Akwai ƙorafi guda da na ɗauka da muhimmanci. Wani abokinmu da ke aiki a Mancesta ya ce idan aka kafe wasan mako-mako a kan UTC, to shi ne lokacin zai riƙa motsa masa, wasan da yake samu bayan ya taso daga aiki a bazara zai koma lokacin da yake kan hanya a hunturu. Gaskiya ya faɗa. Babu tsarin da zai hana wani motsawa, tunda agogon wasu yana motsi na wasu ba ya yi, kuma wasan da mutum biyu za su kara dole su zauna a daƙiƙa ɗaya. Tsarin wasan Pokémon GO na gudanar da wasu bukukuwansa bisa agogon kowane gari yana yiwuwa ne saboda ba sai ɗan Legas ya jira ɗan Tokiyo ba. Abin da nake cewa shi ne a zauna a yanke shawara a fili, a ce mun kafe a kan UTC ko mun kafe a kan Landan, kowa ya ji. Idan an zaɓi Landan saboda can mafi yawan 'yan wasa suke, babu laifi, amma a sanar da sauran mako biyu kafin sauyi, a kuma maimaita ana gobe wasa. Sannan a makon sauyin agogo a sassauta dokar kora, a ba wanda ya makara da awa ɗaya daidai damar sake buga wasansa, domin makarar awa ɗaya cif a irin wannan mako shaida ce da ke nuna daga inda kuskuren ya fito.

Mu ma muna da namu gyaran. Sau da yawa a zaurukanmu na gem sai ka ga an rubuta za a fara bayan isha'i, ko ƙarfe tara kawai babu ƙarin bayani, alhali a cikin zauren akwai ɗan Zangon Akara, akwai ɗalibi a Alƙahira, akwai mai aiki a Jidda wanda ke gabanmu da awa biyu. Isha'in Maiduguri ma ba ta zo ɗaya da ta Sakkwato ba, balle ta Landan a watan Yuni da takan kai wajen sha ɗayan dare. A ƙaramin zauren da nake taimakawa wajen tsarawa, tun daga watan da abin ya sami ƙanena muka sauya salon sanarwa. Ta wannan makon ga yadda take: Asabar, 19:00 UTC, wato takwas na dare a Kano da Yamai, bakwai a Akara, tara a Khartum, goma a Jidda, sannan Landan da Niyok kowanne da nasa a layi na ƙasa, tare da tunatarwa idan sauyin agogonsu ya kusa. Ƙanena ne yake rubuta ta yanzu, kuma kafin ya tura sai ya buɗe agogon garuruwan a wayarsa ya duba su ɗaya bayan ɗaya.