Matasan ikkilisiya, me kuka ba da gaskiya da shi?

Ƙannena matasa, maza da mata, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce sai na amayar da ita.

Na jima ina koyar da ajin baftisma a majami'armu ta ECWA. Ran nan bayan an tashi sujada, wani yaro da ya bi ta ajina, yanzu yana jami'a, ya zo ya tsaya jikin babur ɗina yana ta sosa ƙeya. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce abokin zamansa a ɗaki Musulmi ne, mutumin kirki, kwano ɗaya suke ci. Wata rana da dare ya tambaye shi, ba da faɗa ba: "Wai don Allah, da gaske ne alloli uku kuke bauta wa?" Na ce to me ka amsa masa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, cewa na yi haka dai muka taso muka tarar." Yaron nan shi ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa, ba ya fashin Lahadi, waƙoƙin da ya haddace ba su ƙirguwa. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba, domin na san laifin har da namu da muka koyar da su haddar amsa don su ci jarrabawar dattawa, ba mu tsaya mun ga ko maganar ta zauna ba.

Manzo Bitrus ya ce mu zauna kullum a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu, cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Wanda ya tambaye ka da girmamawa ya cancanci amsa ta gaskiya, kuma "haka muka tarar" ko mai bautar gunki zai iya faɗinta.

Allah ɗaya ne. Wannan ita ce maganar farko, kuma kada bakinku ya yi rawa wajen faɗinta. Musa ya shelanta wa Isra'ila cewa Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne, da aka tambayi Yesu umarnin da ya fi girma, da wannan ayar ya fara (Markus 12:29). Shi wannan Allah ɗaya ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, tun fil azal. Idan muka ce Yesu Ɗan Allah ne, ba mu taɓa nufin Allah ya yi aure ya haihu irin ta 'yan Adam ba, Allah ya sawwaƙe. Ku buɗe Yahaya sura 1: Kalma yana nan tun farko, yana tare da Allah, shi Allah ne, ya kuma zama mutum ya zauna a cikinmu. Ina kuma roƙonku ku bar misalin nan da ake yawan yi na ruwa da ƙanƙara da tururi, ko na mutum ɗaya da yake uba a gida, malami a makaranta, manomi a gona. Misalin yana nuna kamar Allah riga yake sauyawa. Amma a Kogin Urdun, Ɗa yana cikin ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, muryar Uba tana fitowa daga sama, duk a lokaci guda. Hankalinmu bai kai ƙarshen wannan asiri ba, ba kuma abin kunya ba ne a faɗi haka. Ƙwarya ba ta ɗauke teku.

Wannan gardama ta girme mu nesa ba kusa ba. A birnin Iskandariya na ƙasar Masar an yi wani malamin ikkilisiya mai suna Ariyus, wanda ya koyar cewa akwai lokacin da Ɗa ba ya nan, wato halittarsa aka yi. A shekara ta 325 shugabannin ikkilisiya suka taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, suka ƙi wannan koyarwa. Atanasiyus, wanda a lokacin saurayi ne kamarku, ya riƙe maganar har ƙarshen ransa, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa ta bishop na Iskandariya bai saki ba. Me ya sa ya nace haka? Domin idan Almasihu halitta ne kawai, to halitta ba ta iya ɗaukar zunubin duniya, mu kuwa muna nan da kayanmu a ka.

Duk wannan daga Littafi Mai Tsarki muke samunsa, littattafai 66, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Ikkilisiyarmu ta yarda hurarre ne daga Allah, shi ne kuma ma'auni na ƙarshe a kan bangaskiya da zaman duniya. Fasto yana ƙarƙashinsa, dattawa suna ƙarƙashinsa, mafarkin kowa da wahayin kowa suna ƙarƙashinsa. Ku tuna bai iso hannunmu a banza ba. Samari uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a ƙarshen 1893, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Sai a 1902 aka samu aka kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki ne ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Cikakken Littafi da Hausa kuwa sai a 1932 ya fito, bayan shekaru na wahalar Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Kakanninmu da yawa don su karanta shi da kansu suka koyi karatu da girmansu, a gaban aci-balbal. Yau yana cikin wayar kowannenku kyauta, amma sa'a nawa kuke ba TikTok, minti nawa kuke ba shi?

A nan ne abin ya fi yi mini zafi. Wata yarinya a unguwarmu, marainiya, mahaifiyarta ƙosai take toyawa a bakin titi, ta tara mata kuɗin rajistar jarrabawa da ƙyar. Yarinyar ta ga wani a waya yana kiran kansa annabi, yana cewa duk wanda ya "shuka iri" ya karɓi kwalbar mai da ya yi wa addu'a, ƙofarsa za ta buɗe cikin kwana bakwai. Ta tura rabin kuɗin. Na ga kwalbar da idona, 'yar ƙarama kamar ta turare, an liƙa mata hoton mutumin. Uwar tana zaune a kan tabarma tana kuka marar sauti, yarinyar kuma abin da ya fi damunta shi ne wai ko rashin bangaskiyarta ne ya hana abin aiki. Da ta san Ayyukan Manzanni sura 8, da ta san Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus kuma ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Mutanen Biriya, Bulus da kansa ya yi musu wa'azi, amma kowace rana sai sun bincika Nassi su ga ko haka ne, aka kuma yabe su a kan hakan. To wane ne wannan na waya da ya fi ƙarfin a gwada maganarsa?

Ceto kyauta ne. Dukanmu mun yi zunubi, ba wanda aikinsa zai kai shi, ko nawa ne baikonsa, ko kwana nawa ya yi azumi. Almasihu ya mutu a kan gicciye a madadinmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku cikin jiki. Ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya (Afisawa 2:8-9). Sunan Kirista da aka raɗa maka ran suna bai cece ka ba, zaman mahaifinka dattijo bai cece ka ba. Ko baftismar da muke yi ta nutsarwa cikin ruwa shaida ce ta abin da ya riga ya faru a zuciya, shi ya sa muke jira mutum ya tuba ya furta da bakinsa. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai taɓa ruwa ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya mai da shi lasisi. Ina jin wasunku na cewa ai muna ƙarƙashin alheri, sai a kwana gidan saurayi ran Asabar a hau bagade da waƙa ran Lahadi, ko a saci amsa a jarrabawa a zo a ba da shaidar nasara. Ku ƙarasa karatun Afisawa 2 zuwa aya ta 10: an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Itacen da ke da rai ba a roƙonsa ya yi ganye. Haka ma mai ɗaura laya a ƙugu yana rataye da gicciye a wuya. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi da ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya taso a gidan da ake hidimar tsafi, ya san abin daga ciki, ya kuma ƙare gajeren ransa yana gargaɗin ikkilisiyar Afirka a kan gauraya bishara da wani abin dogaro. Yana da shekara 39 ya rasu a Mombasa a 1975, gargaɗinsa kuwa har yau bai tsufa ba.

Almasihu zai dawo, matattu za su tashi, za a yi shari'a. Ranar ko sa'ar ba wanda ya sani, Yesu ya faɗa a Matiyu 24:36, saboda haka duk mai sa muku kwanan wata ku rabu da shi. Wasunmu sun binne 'yan'uwa a lokutan rikici, na san zafin. Wannan begen ne ya sa ba ma baƙin ciki irin na marasa bege, shi ne kuma ya ɗaure hannunmu daga ramuwa, domin Ubangiji ya ce sakayya tasa ce.

Yaron nan mai jita, mun zauna da shi Asabar uku a jere a ƙarƙashin darbejiyar majami'a, muka bi Yahaya sura 1 aya bayan aya, yana rubutawa a bayan littafin waƙoƙinsa. Da ya koma makaranta ya kira ni ya ce sun yi hira da abokin nasa har tsakar dare. Abokin bai yarda da shi ba, shi ma bai ja da baya ba, da safe kuma suka sha kokonsu tare. Ya ce abokin ya ƙara masa wata tambayar a kan gicciye, yana so mu zauna idan ya dawo hutu. Na ce ya karanta Ishaya 53 da 1 Korintiyawa 15 kafin ya zo, ya kuma taho da duk wanda yake so a cikinku, benci yana da wuri.