Wimbledon da filayen tanis na gida

Mutanenmu da yawa na kallon Wimbledon, gasar tanis da ake yi a Landan, a matsayin bikin masu hannu da shuni: korayen ciyawa, fararen kaya tilas, ga ’yan gidan sarauta a rumfarsu. Zaman Landan ya nuna mini cewa ƙarfin gasar yana wani wurin daban.

A 1877 aka fara ta, da maza 22 kacal, Spencer Gore ya lashe. Mata suka shiga a 1884. Tun daga nan yaƙin duniya biyu da annobar korona ta 2020 ne kaɗai suka hana a buga. Yau maza 128 da mata 128 ke shiga, wanda aka doke ya tattara kayansa, sai an yi zagaye bakwai a mako biyu kafin a sami zakara. Maza sai mutum ya ci turmi uku cikin biyar, mata biyu cikin uku. Kuma duk riƙon al’adarsu, idan doka ta cutar suna gyarawa. A 2010 John Isner da Nicolas Mahut sun shafe awa 11 da minti 5 suna fafatawa cikin kwana uku, daga baya aka sa wa turmin ƙarshe iyaka. Tun 2007 kuɗin kyautar mata daidai yake da na maza.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin sayen tikiti. Talaka na iya kafa tanti a dandalin da ke kusa, ya kwana, da safe ya sayi tikiti ya shiga. Sannan mafi yawan ribar gasar hukumar tanis ta Birtaniya ake miƙa wa, don horar da yara da gyaran filaye.

A gida fa? Muna da gasar Dala a Kano, wadda ta daɗe ana yi, kuma masu riƙe da ita sun cancanci jinjina. Amma filayen galibi suna cikin kulob-kulob na manya, yaron Fagge ko Kurna ba ya ma tunanin leƙawa. Nduka Odizor ɗan Najeriya ne, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Irinsa suna nan a unguwanninmu. A zuba siminti a makarantun gwamnati, a ɗaura raga, a bar ƙofa a buɗe bayan la’asar.