Ku bar kwaɗon gilashi a kan ganyensa

Wannan bidiyon da kuke ta tura wa juna, wanda aka kama kwaɗon gilashi aka birkice shi a tafin hannu ana haska cikinsa da fitilar waya, zalunci ne. Ku sake kallo, ku duba ganyen da aka ciro shi, za ku ga curin ƙwai a manne. Uba ne aka ɗauke daga kan 'ya'yansa don a ga zuciya tana bugawa.

A jinsin kwaɗin gilashi da ake kira Hyalinobatrachium, waɗanda ake hango zuciyarsu da hanjinsu ta fatar ciki, macen tana saka ƙwai ashirin zuwa talatin a ƙarƙashin ganyen da ya rankwafo kan ƙorama, sannan ta tafi. Namijin ne ke zama. Ƙwan ba shi da ɓawo, wani abu ne mai yauƙi da ke bushewa da wuri, don haka uban yana kwanciya a kansa yana jiƙa shi da ruwan mafitsararsa. Idan rina ta zo ɗaukar ƙwai, ya harbe ta da ƙafa. Haka zai yi ta yi kusan mako biyu, har su ƙyanƙyashe su faɗo cikin ruwa su nutse a ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa. Masu bincike sun gwada cire uban: ƙwan da aka bari ba mai gadi ya fi mutuwa, ko ta bushewa ko ta bakin ƙwari. Ku bar shi a kan ganyensa.

Wai ai minti biyu ne, an mayar da shi. Wa ya ga mayarwar? Ko da an mayar, dabbar da tsawonta santimita 2 zuwa 3 ne, wadda ta saba da sanyin dazukan tsaunukan Andes a Kolombiya da Ekwado, tafin hannun mutum ya yi mata zafi. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Gumi, sabulu, man shafawa, maganin sauro, duk abin da ke hannunka jikinsa zai shiga. Ga kuma kitirid, fangas ɗin da ke cin fatar kwaɗi, wanda ake dangantawa da rushewar kwaɗin Monteverde a Kosta Rika a 1987. Hannun da ya taɓa wannan ya taɓa wancan, da takalmin da ya fito daga wata ƙorama ya shiga wata, suna iya kai shi.

Masu aikin da gaske suna da ƙa'ida. Ba a taɓa wanda ke kan ƙwai. Ana sa safar hannu marar hoda, a jiƙa ta da ruwan wurin, a canza sabuwa kafin kwaɗo na gaba. Hoton ciki kuwa, a kan gilashi mai tsabta ake ɗora shi a ɗauka daga ƙasa, ba a birkice shi, kuma ganyen da aka same shi nan ake mayar da shi. Takalma a kankare laka, a wanke da bilic, a bushe sarai kafin a sauya ƙorama.

Masu cewa wayar da kai ne, kan wa aka wayar? A ƙarƙashin bidiyon tambaya ɗaya ake maimaitawa, ina ake sayarwa. Wannan kwaɗayin ne ya sa taron CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa) na Panama a Nuwamba 2022 ya saka dangin kwaɗin gilashi gaba ɗaya, nau'i kusan 160 daga kudancin Meksiko har arewacin Ajantina, a Rataye na 2, inda ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini. Kusan rabinsu suna cikin barazanar ƙarewa. Ku bar shi a kan ganyensa, ku kuma daina tura bidiyon.

Wanda aka tayar ma ba ya nuna ainihin abin mamakin. Binciken da ya fito a mujallar Science a 2022 ya nuna idan yana barci da rana yana tattara kusan kashi 89 cikin 100 na jajayen ƙwayoyin jininsa ya ɓoye a hanta, jikin ya ƙara garau ninki biyu zuwa uku. Da ya farka jinin ya dawo. Yana yin haka kullum jinin bai daskare ba, abin da masu neman maganin gudan jini a jijiyar ɗan Adam ke son ganewa.