Kada ku ba ɗan gwangwan tsohuwar laftof ɗinku

A gidaje da yawa a garin nan na Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, akwai tsohuwar laftof ajiye a cikin kwaba tana shan ƙura. Wata allonta ya tsage, wata madannanta sun mutu, wata kuwa nauyi kawai ta yi. Tun da Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga kuma Windows 11 ba ta hawa kan yawancin tsofaffin, sai mutane suka yanke cewa zamaninsu ya wuce. A ƙarshe a miƙa wa ɗan gwangwan a kuɗin da ba zai yi cefanen yini ba. Wallahi abin nan yana ci min rai, domin wannan na'ura za ta iya zama sabar gida.

Sabar ba wani abin tsoro ba ce. Kwamfuta ce da ake bari a kunne, a haɗa ta da rawutar gida, wato na'urar da ke raba wayfai, wayoyin mutanen gidan su riƙa ɗibar abin da ke cikinta ta wayfai. Ba ta buƙatar allo mai kyau, ba ta buƙatar ƙarfi. Laftof mai RAM gig 4 ta isa. A goge Windows, a sa mata Debian ko Ubuntu, duka Linux ne, wato tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, kuma kyauta ne. Da manhajar Samba sai ta zama ma'ajiyar hotunan biki da suna da takardun makaranta. Da manhajar Jellyfin kuma, karatun malamai da kuka tara kowa zai saurara daga ɗakinsa.

Amma abin da ya fi tsaya min a zuciya shi ne karatun yara. Akwai manhajar Kiwix, wadda ke ba ka damar sauke Wikipedia sukutum, ta Hausa da ta Turanci, ka ajiye a gida. Ta Turancin da hotunanta wajen gig 100 ce, ta Hausa kuwa 'yar kaɗan ce. Akwai kuma Kolibri, da aka yi ta musamman don darussan makaranta a inda babu intanet. Sau ɗaya za a sauke, mutum goma su kwafa daga wurin mutum ɗaya. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, iyaye nawa ne ke iya sa wa yaro data kullum don ya yi bincike? Kuma in an sa, ina yake ƙarewa? A nan kuwa yarinya mai shirin JAMB za ta karanta abin da take nema ko da wayar ba ta da ko sisi. A ce garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Barewa ana zubar da irin wannan dama, bai dace da mu ba.

Na san za a ce wuta fa? Shi ya sa nake cewa laftof, ban ce ta tebur ba. In allonta a kashe yake, wat 10 zuwa 20 take ci, ƙaramar sola ta riƙe ta, batirinta kuma ya tare ta in an ɗauke. Sai dai batirin da ya kumbura a cire shi, haɗari ne. A hure mata ƙura lokacin hunturu, a ɗora ta inda iska ke ratsawa saboda zafin bazara.

Faifan ajiyarta ya tsufa, kuma ba ya sallama in zai mutu. Duk abin da ba za ka juri rasawa ba, ka kwafe shi a wani faifan daban, ka ajiye a gidan ɗan'uwa.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyaran kwamfuta na PZ da Samaru, ga sana'a a gabanku. In Alhaji ya kawo tsohuwar laftof yana tambayar nawa za ku saya, ku nuna masa wannan hanyar, ku haɗa masa, ku karɓi ladan aikinku.