Hayaniyar Atomizer ginin gwani ce

Masu cewa faifan Atomizer na ƙungiyar kiɗan rok ta Big Black hayaniya ce zalla, ina ganin a lasifikar waya suka saurare shi. A can sautin bes (jita mai kaurin sauti) na Dave Riley yake ɓacewa, sai ƙarar ƙarfe kaɗai ta rage. Ku sa shi a lasifika mai ɗaukar sauti mai kauri, ku fara da waƙar "Kerosene", sannan mu yi magana.

A 1986 faifan ya fito a kamfanin Homestead. Mutum uku ne daga yankin Shikago a Amurka: Steve Albini da Santiago Durango a kan jita, Riley a kan bes. Makaɗin ganga babu. Inji ne, har suna rubuta sunansa "Roland" cikin 'yan ƙungiya. Albini kan saita shi ya nauyaya bugu na ɗaya da na uku, alhali kiɗan rok ya saba da na biyu da na huɗu. Shi ya sa kiɗan ba ya rausaya, sai dai ya riƙa sauka kamar taɓarya a turmi.

Ita kuwa ƙarar jitar da ke kama da ana gurza kwano, sirrinta na hannu. Da ɗan ƙarfe Albini yake kaɗa tsirkiya maimakon roba, kuma yakan tsaga bakinsa da almakashin yankan kwano, sai bugu ɗaya ya taɓa tsirkiyar sau biyu.

Nan masu kwaikwayo suke faɗuwa. Sai su murɗe maɓallin gurɓata sauti har ƙurya, jita biyu da bes su cakuɗe su zama kunu. In wannan sautin kake nema, rage kaurin sautin jita a amfilifaya (na'urar ƙara sauti), ƙara kaifinsa, ka bar wa bes ƙasan gaba ɗaya. Gurɓatawar kaɗan ta isa. Tanadi tsirkiyoyi, don ƙarfe na cinye su da wuri, musamman siraran. Injin kuma ba ya jiran kowa: in ba ka jin sa da ƙarfi a kusa da kai lokacin atisaye, kafin amshi ya zagayo kun rabu hanya.

Kalmomin waƙoƙin suna da muni, wannan gaskiya ne, labaran ɓarnar ƙananan garuruwan Amurka ne ba sakaye, ba na kunnen yara ba. A 1987 ƙungiyar ta watse, Durango ya tafi karatun lauya.