Ciwo ya ƙi warkewa, amma aikin jinya bai ƙare ba

Sau da yawa idan ciwon daji ko ciwon ƙoda ya yi nisa, sai a ce wa dangi su koma da majinyacinsu gida, wai babu sauran abin yi. Akwai abin yi, da yawa ma. Matsalar ita ce yawancin likitoci da ma'aikatan jinya sun gama karatu ba tare da an koya musu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wato rage wa mai ciwo mai tsanani wahala ko da ba zai warke ba, duk shekara, amma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. A 2014 babban taron hukumar ya buƙaci ƙasashe su saka wannan fanni cikin horon ma'aikatan lafiya. A ganina, kuskure ne a bar shi ga ƙwararru 'yan ƙalilan. Duk wanda zai tsaya a gefen gadon mara lafiya ya kamata ya iya.

Ɗauki mofin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi. Ma'aikaci da bai samu horo ba yana tsoronsa, sai ya jira majinyaci ya fara kururuwa kafin ya ba shi. Ƙa'idar kuwa ita ce a riƙa ba da na sha kowane awa huɗu, kafin ciwon ya dawo. Idan raɗaɗi ya ɓarke a tsakani, a ƙara kimanin kashi ɗaya cikin shida na jimillar adadin yini. Tun ranar farko a haɗa da maganin sassauta ciki, domin tashin zuciyar da mofin ke jawowa yakan lafa cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida da yake jawowa ba ya lafawa. Mai raunin ƙoda kuma a rage masa, don ragowar maganin na taruwa a jini. Inda aka tsallake waɗannan, majinyaci kan daina sha, a ɗora wa maganin laifi.

Ga wanda ya kwanta ba ya iya motsi, juya shi duk awa biyu yana hana gyambon kwanciya, wanda ya fi sauƙin karewa a kan warkarwa.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne magana. Kafin a faɗi mummunan labari, a zauna, a tambayi majinyaci abin da ya riga ya sani da iyakar abin da yake son ji. Wannan ba ya shiga ta lacca kaɗai. Sai ɗalibi ya gwada a gaban malami, a gyara masa.

Masu cewa babu isassun likitoci su dubi Yuganda. Tun 2004 ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta mofin, don majinyacin da ke nesa da likita ya samu sauƙi yana kwance a gidansa.