Ku ɗaga wa kabare ƙafa har damina ta ja baya

'Yan uwana masu gadi da masu saran itace a Legas, da ku nake yau. Duk shekara ruwa na sauka tsuntsun nan kabare ke mamaye bishiyar kwakwa ko mangwaro a gidajen nan, oga ya fito ya ga kashi a kan mota ya ce malam a sare reshen nan yanzu-yanzu. Toh don Allah kafin ka ɗaga adda ka dubi abin da ke rataye a sama.

Namijin ne ke saƙa sheƙar shi kaɗai. Zai ciji gefen ganyen kwakwa ya tashi da shi a baki, ganyen ya tsage ya zama zare dogo, ya fara ƙulla zobe a bakin reshe sannan ya saƙa sauran a jikinsa, ƙofa na kallon ƙasa, kusan yini guda yana abu ɗaya. In ya gama sai ya maƙale a ƙasan sheƙar yana kaɗa fukafukai yana kuka, hayaniyar da ke hana oga barci kenan, mace yake kira. Ita kuma ta shiga ta duba, in saƙar ba ta yi mata ba ta yi gaba abinta, ciyawa na bushewa ya warware ya sake sabuwa. In ta yarda sai ta yi shimfiɗa mai laushi a ciki, ƙwai 2 ko 3, ta kwanta kansu wajen sati biyu, 'ya'yan kuma sai sun kusa sati uku kafin su tashi. Wallahi na ga reshe ɗaya ya faɗo kan siminti da 'yan tsako jajaye ko gashi babu, iyayen na ta shawagi.

Na san mai neman abinci ba ya ja da mai biyansa albashi. Amma ai ana iya cewa ranka ya daɗe a matsar da motar ko a rufa mata tamfol, sati biyar ne dai. Manzon Allah (SAW) da ya ga tsuntsuwa na kai-kawo an ɗauke mata 'ya'ya cewa ya yi a mayar mata.

Kabare kam yana da yawa. Amma ɗan uwansa na kurmi mai baƙi da ja, malimbe na Ibadan, babu shi ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Najeriya, a 1958 masana suka fara rubuta shi, yanzu ga shi yana neman ƙarewa saboda sare kurmi. Ɗan kurmin da aka killace a Lekki tun 1990 ma hekta 78 ne kacal, gine-gine sun zagaye shi.